Direbar Bas da Ta Zo Ta Ƙarshe

Duk wanda ya girma a unguwar La Chaume ya san Ghislaine Rabiller, domin babu yaron da ba ta taɓa kai shi makaranta a bas ɗinta ba. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, da dariyar da ake jiyowa daga tsallaken mashigin ruwa. Mahaifinta masunci ne, a jirginsa ta koyi tsayuwa kafin ta koya a ƙasa.

Garinsu, Les Sables, shi ne inda ake tashin babban tseren nan: mutum ɗaya cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya zagaya duniya, ba tsayawa, ba mai miƙo masa ko allura. Duk tashin da aka yi, Ghislaine na kan katangar mashigin tana ihu har muryarta ta dushe. Ranar da ta cika hamsin, ana cikin cin farin wake da gasasshen burodi, ta ajiye cokali ta ce ita ma za ta.

Yayanta Fulbert, mahauci, ya kusa shaƙewa. "Ke? Gigi, ke da ba kya iya juya bas a bakin kasuwa sai kin hau dakali?"

"Yaya, a teku babu dakali."

Mijinta Armel kuwa, washegari aka gan shi yana kankare tsatsa a jikin wani tsohon jirgi da mai shi ya gaji da shi.

Zuwan farko, garin duka ya fito rakiya, ana busa, ana kiɗa, har da kuka. Kafin la'asar sai ga ta an jawo ta, sitiyarin jirgin ya karye. Masu sayar da soyayyen kifi ko kwashe kayansu ba su yi ba. Fulbert ya tare ta da hannu biyu. "Sannu da zuwa! Ashe duniyar ba ta da girma!" Ta yi dariya har da hawaye, da ta shiga gida kuma ta yi hawayen babu dariyar.

Zuwa na biyu ta kai gaɓar Brazil, guguwa ta karya doguwar sandar da ke riƙe ƙyallayen iska. A jirgin sama ta dawo, ta koma bas ɗinta. Tsofaffi na hawa suna cewa, "Madam Rabiller, yau dai za mu isa ko?"

A na uku gashinta ya yi fari fat. Manyan jirage suka ɓace mata tun makon farko, ita kuwa ta bi a hankali. A tekun kudu sanyi ya ci yatsunta, igiyar ruwa ta riƙa tasowa kamar bene, na'urar tace ruwan sha ta mutu, ta koma tarar ruwan sama a bokiti. Kewa ta sa ta fara shelar tashoshin bas ita kaɗai. Wani ƙaton farin tsuntsu ya yi ta binta, ta ce masa ya matsa ciki, akwai wuri a baya.

Rannan igiyar babban ƙyallen ta maƙale can a ƙololuwar sandar. Ta buga wa Armel waya.

"Sai na hau."

"Gigi, don Allah ki jira iska ta lafa."

"A nan ba ta lafawa, tsohona. Ka shayar da furannina?"

Ta ɗaure kanta ta hau. Jirgin na jifa da ita hagu da dama, tana buguwa da ƙarfe, tana zagin igiyar da kakannin igiyar. Da ta kwance ta, sai ta ɗaga kai. Ruwa ta ko'ina, ba kowa, sai ita, 'yar masunci, a saman duniya. Dariya ta ƙwace mata, ta rungume sandar tana ƙyaƙyatawa har cikinta ya ƙulle. Ta sauko jikinta duk tabo, ta buɗe gwangwanin kifin sadin ta cinye da hannu.

Wanda ya ci tseren ya iso gida, ya huta, har ya yi ƙiba, ita ba ta ma zagayo kudancin Amurka ba. Na biyu ya shigo, na goma ya shigo. Aka kwance rumfunan biki. Ghislaine ce kaɗai ta rage a teku, garin kuwa ya koma ba shi da hira sai tata. Fulbert ya liƙa taswira a shagonsa, mai son nama sai ya fara sauraron inda ƙanwarsa ta kwana.

Da hantsi ta shigo mashigin, bazara ta riga ta fara. Ta zaci za ta tarar da Armel da 'yan tsiraru. Sai ta ga katangun biyu sun cika maƙil, direbobi sun jera bas-bas suna danna ham, masunta sun fito da jiragensu suna watsa mata ruwa. Ta kunna wutar alama ta masu jirgin ruwa mai jan hayaƙi a hannu biyu, tana tsalle, har ta ƙona gefen hularta.

Wani ɗan jarida ya miƙo mata abin magana ya tambayi sirrin juriyarta.

"Wane sirri, ɗana? Na fasa ya fi a ƙirga. Sai in duba taswira in ga gaba da nisa, baya da nisa, in ce to bari in sha shayi tukuna."

Da ta taka ƙasa ƙafafunta suka ƙi ta, ta yi luuu ta faɗa kan Armel, shi ya faɗa kan magajin gari, su uku suka zube a kan katako, jama'a na tafi. Daga nan ƙasa ta ɗaga hannu ta ce a kawo mata gasasshen nama da soyayyen dankali, kuma kada kowa ya ɗaga ta sai ta cinye.