Riɗin Zomaye

Jikata ta zo mana Gadarif tare da uwarta lokacin da yaƙi ya kore su daga Hartum. Wata uku ban ji dariyarta ba. Wata rana bayan la'asar na jiyo ta a rumfa tana ƙyalƙyalewa, tana kallon katun na wasu zomaye manoma a wayar uwarta.

Na leƙa. Zomayen sun yanki riɗi, sun ɗaure, suka rataye shi kai ƙasa. Ni da na tsufa a gonakin Ƙala'at an-Nahal na san a tsaye ake jingine shi, in ba haka ba ƙwayar zubewa take in ya bushe.

Na ce, "Wallahi waɗannan yunwa za ta kashe su bana."

Ta kife wayar ta shige ɗaki. Uwarta ta ce, "Baba, haka ka yi mini da zanena." Gaskiya ta faɗa. Duk abin da ta zana tana ƙarama sai na nemo masa aibu, har ta daina.

Washegari na jawo kujera na ce, "Amarya, mai da mana shi farko."

Ta ce, "Tsoho, in ka sake magana sai ka ba ni takardata."

Can a tsakiya zomayen suka shuka dawa da safe, ta nuna kafin azahar. Na cije leɓe, na riƙe gemuna. Ta saci kallona sau biyu, ta ga ban tanka ba, sai ta matso ta jingina da gwiwata, muka kalla har ƙarshe.