Gorar Baba a Bayan Gilashi

Ranar da Baba ya cika shekara uku da rasuwa, ƙanena Sanusi ya kawo akwatin gilashi daga Katsina. An shimfiɗa jan karan-miski a ciki, an jera lambobin yabon Baba na soja, a tsakiya kuma ga gorar ruwansa ta ƙarfe. An tuɓe mata rigarta ta bargo, an goge ta fes.

"Yaya, ya yi kyau ko?"

Na ce, "Lambobin nan cikin gwangwanin madara yake zuba su, rataye abinka. Amma gorar, mi ta yi maka?"

Gorar nan ta sha haɗa ni faɗa da Baba. Da aka rufe boda, manyan motoci suka yi layi a Magama, kullum sai ya ƙarar mini da ruwan randa. Zai cika ta, ya jiƙa bargon don ruwan ya yi sanyi, ya fita cikin rana yana jan ƙafa. Ran nan na bi shi ina mita, sai wani direban Maraɗi ya ce, "Tsoho, wagga 'yar gora wa za ta isa?"

Baba ya ce, "Kurɓa ka miƙa wa na baya. Haka muka yi a daji."

Yau ga ta a bushe ƙamas. Na ce Sanusi ya ɗauko guduma mu fasa gilashin.

Allah Ya shayar da kai ruwan Alkausara, Baba. Randata tana wuni cike yanzu, kuma haushi take ba ni.