Kafso Shida a Gwangwanin Maɓallai

A layin masu ɗinki babu mai kiranta da sunanta. Ba-Asara ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta, don shekara ashirin da shida da ta yi a bakin keke ba a taɓa ganin ta share ƙyalle ta zubar ba. Wanda ya kai tafin hannu ya zama aljihu, wanda bai kai ba ya shiga cikin matashin kai. Zif ɗin da ya mutu ma akwai jakar da take tara shi, wai wata rana za a neme shi. Da wannan hali ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mai gidanta, don haka duk mai shirin yi mata dariya sai ya fara sara mata tukuna.

Matsalar ita ce halin bai tsaya a kan yadi ba, ya bi ta har cikin magani. A ganinta likitoci irin telan nan ne da ke sa mutum ya sayo yadi biyar alhali uku sun isa. In aka rubuta wa wani a gidan maganin kwana bakwai, ya miƙe a na huɗu, sai ta kwashe sauran ta ce, "Mai lafiya me zai yi da magani?" Ta ɓare su daga takardarsu, don takarda cin wuri gare ta, ta zuba a gwangwanin maɓallai, kowane launi da ƙullinsa, yadda take jera zare. Farare na ciwon kai da zazzaɓi ne. Kafso ja da rawaya kuwa na duk ciwon da ba a son faɗin sunansa.

Banɗakin layin yana can ƙarshe, makullinsa kuma a hannun mai guga yake. Ba-Asara ba ta jure tsayawa gaban namiji ta ce a ba ta makullin banɗaki, sai ta samo dabara: ba ta shan ruwa tun safe sai ta koma gida. Har koya wa maƙwabtanta dabarar take yi.

Ran wata Litinin jiki ya ce bai yarda ba. Fitsari ya zo da raɗaɗi kamar an zuba barkono, mara ta ɗaure, kowane rabin awa ta ji ya matse ta, in ta je kuma ɗigo biyu ne. Sau bakwai ta je neman makulli a ranar. Mai guga, bawan Allah, daga zuwa na huɗu ya rataye shi a ƙusa ya daina ɗago kai.

Da yamma 'yarta ta biyo daga wajen aiki, ta ga yadda uwar ke zama a gefe ɗaya na kujera, ta matsa mata da tambaya har ta faɗa.

"Mama, wannan sanyin mara ne. Ki zo gobe a gwada fitsarin a san maganin da ya dace. Baban yara yana nan, ko layi ba za ki bi ba."

To, nan fa aka taɓo wurin. Baban yara, wato mijin 'yar, a ɗakin gwaji na asibitin unguwar yake aiki. Mutum ne mai kunya, shekara tara yana surukinta bai taɓa haɗa ido da ita ba. Ba-Asara ta hango shi a ranta ya ɗaga kwalbarta saitin fitila yana ƙare mata kallo.

"Ni in ɗauki fitsarina a kwalba in miƙa wa mijinki? Ki ce masa na gode. Ina da magani."

Ta jawo gwangwani ta kwance ƙullin ja da rawaya. Guda shida ne.

"Haba Mama! Na haƙorin Yaya ne fa wannan, tun bara waccan."

"Yo ƙwayar cuta ta san bambancin haƙori da mara ne?"

"Ta sani mana. Kowace da maganinta, kuma da adadin kwanakinsa."

"Ke dai tashi ki je ki yi wa 'ya'yanki girki."

Ta sha biyu a ranar, biyu ran Talata. Ran Laraba raɗaɗin ya lafa, ta taka keke da ƙarfi tana ba maƙwabciyarta labarin 'ya'yan zamani da son asibiti. Biyun da suka rage kuwa ta mayar gwangwani, don mai lafiya me zai yi da magani.

Ran Juma'a da rana tsaka, ana zafin da fanka ma iska mai ɗumi take bayarwa, sanyi ya kama ta har haƙoranta na haɗuwa. Bayanta, ƙarƙashin haƙarƙari, kamar ana soka mata allura. Ta jawo yadin mutane ta lulluɓa, ta yi amai, ta zame daga kujera. Mai guga ne ya kira 'yar, 'yar ta kira mijinta. Shi ya ɗauke ta ranga-ranga a hannu daga shago zuwa mota, duk telolin layin sun fito suna yi mata sannu.

Likita ya ce cutar ta hau har ƙoda. Kafson bai kashe cutar ba, gwajin kawai ya rikita, sai da aka sake ɗiba. Aka ɗaura mata ƙarin ruwa, ana allura safe da yamma. Ta ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka fita da gawar mijinta. Duk kwalbar da aka ɗiba kuma surukin bai yarda ma'aikaci ya kai ba, shi yake karɓa da hannunsa ya ratsa farfajiyar asibitin da ita. Dangi suka yi ta zuwa dubiya, kowa da tambayarsa: "Ya jikin? An ce wajen fitsari ne ko?"

A kwana na biyar zazzaɓin ya sauka. Surukin ya shigo da takarda, ya tsaya daga ƙafar gado yana kallon siminti. Ita kuma ta juya fuska bango.

"Mama, alhamdu lillahi, an dace da maganin. Za a sallame ki jibi, amma sai kin shanye na gida duka."

Ta ce, "Kai ka duba?"

"Ni na duba, Mama. Duka ukun."

"Abin da nake gudu ke nan tun farko."

Ya sosa ƙeya, ya naɗe takardar ya sake buɗewa.

"Mama, kwalaben da ke shigo mana a rana sun fi ɗari. Daga waje ake karɓa, kuma babu suna a jikinsu, lamba ce kawai. Da ran Litinin ɗin kika zo, wallahi da har yau ban san wacce ce taki ba."