Geron irin Gwaggo Hajo

Wata Asabar a bazarar 1985, bayan fari ya cinye damina, Baba ya kwashe mu daga Sabon Garin Maraɗi zuwa Jiratawa gaida yayarsa, Gwaggo Hajo. Zamanin soja ne, jandarma suka tsayar da motarmu a shinge suna lalube buhuna, muka isa da hantsi. Ko gaisuwa ba a gama ba Gwaggo ta taka turmi ta sauko da wani ɗan damin gero daga rufin ɗaki. Na ga fuskar Baba ta canza. Geron iri ne, shi kaɗai ya rage mata na shuka, kasuwa kuwa sai jar dawar taimako.

"Yaya, mi za ki yi da shi?"

"Baƙi na yi. Ina ruwanka?"

Baba ya san in ya hana ta, ya tozarta ta a gidanta. Nan take ya ce yaran nan fa kallon lambunan noman rani suka zo, kuma ita za ta yi mana jagora. Mu da ba mu taɓa jin zancen ba! Haka muka bi hanyoyin ruwa na siminti, muka kalli injin ban ruwa, da alkamar mutane, har da kwaɗi. Gwaggo ba ta da ko taki ɗaya a wurin, amma ta san mai kowace fadama. Duk sanda ta juya za ta koma gida, sai Baba ya ƙirƙiro wata tambaya, Inna kuma ta mintsine ni kada in ce yunwa. Cikina yana kuka, ina tsoron kada Gwaggo ta gane dabarar Baba.

Da la'asar Baba ya wuce da mu tasha kai tsaye, har ya fara fara'a. Muna shiga mota sai ga 'yar Gwaggo a guje da ƙwaryar fura a rufe da faifai. Ashe tun kafin mu fita an bar mata saƙon daka. Baba ya karɓa. Mun yi nisa ba wanda ya buɗe, sai Inna ta ce a hankali, "Ku sha, kar ku bar ko ɗigo."

Yau in zan je gidan ɗan'uwa sai na buga waya na ji ko yana da sarari. Gwaggo ta daɗe da rasuwa. Har yanzu ban taɓa shan abin da ya yi mini nauyi kamar furar nan ba.