Ranar Da Gajimare Ya Rufe Ni A Bakin Kwazazzabo

Ko tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta abin da ya same ni a kan wani dutse a kudancin Saudiyya. Lokacin ina shekara ta uku a Riyad, ina tuƙa motar wani gida a unguwar Al-Naseem, ina kwana a unguwar Gubaira tare da 'yan uwana mutanen Maradi.

Da zafin birni ya tsananta, kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, ya ce mu tafi hutu yankin duwatsu, inda aka haifi mahaifiyarsa. Tsohuwa ce mai dogara sanda, kowa a gidan Yumma yake kiranta, har ni. Dutsen da take son gani yana cikin gandun da gwamnati ta killace, daidai inda larduna biyu suka yi iyaka. Ni da na tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tun a hanyar hawa kunnuwana suka toshe.

Da muka kai ƙololuwa bayan azahar, maigidan ya ɗauki iyalinsa suka gangara wajen masu sayar da zuma. Ya ce mini, "Ka kula da Yumma, kada ka matsa daga wurinta." Na ce to. Na ajiye mata kujera a jikin mota.

Sai son a sani ya ja ni. Na ce bari in ɗauki bidiyo in tura gida, su ga ɗan Maradi a saman gajimare. Ban yi nisa ba, wallahi. Amma ina cikin magana da waya, sai wani farin abu mai sanyi ya taso daga ƙasa ya lulluɓe komai. Na miƙa hannu, da kyar nake ganin yatsuna.

Da lalube na koma mota. Kujera na nan, Yumma ba ta nan.

 Na tuna gefen da muka tsaya akwai kwazazzabo wanda ba a hango ƙarshensa. Na tuna ni baƙo ne, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun ɗanta take, kuma ni kaɗai aka bari da ita. Me zan ce wa 'yan sanda? Me za a ce wa tawa uwar? Can cikin farin nan birai suka fara haushi kamar karnuka, ban san ta inda suke ba. Sai na shiga gudu ina kiran "Yumma, Yumma," ba tare da na san inda nake jefa ƙafa ba. 

Sai na ji muryarta daga bayana, a natse, da Larabcinta na mutanen dutse: "Tsaya nan, ya waladi, ɗana. Zauna a inda kake."

Na ce, "Yumma, kina ina? Bari in zo."

Ta ce, "Na ce ka zauna."

Na durƙushe a kan tsakuwa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Sanyi na ratsa rigata, haƙorana na haɗuwa, ina ta maimaita duk addu'ar da ta zo bakina. Ita kuwa jefi-jefi take cewa, "Kana nan?" in amsa.

Da iska ta yaye gajimaren, na duba gabana. Tsakanin gwiwata da bakin kwazazzabon bai kai taku biyu ba, kuma shingen ƙarfen da aka kafa don kare mutane ya ƙare tun a baya. Da rarrafe na ja baya. Yumma na zaune a kan wani falalen dutse, sanda a cinya. Ashe ta matsa ne ta kalli kwarin ƙauyensu, da ta ga gajimare sai ta zauna. Ƙarar takalmina ce ta nuna mata inda na nufa.

Ta dube ni ta ce, "A garinmu, idan ya sauko, ko akuya tsayawa take yi."

Da ɗanta ya dawo yana tambaya ko lafiya, ta ce lafiya lau, iska muke sha. Har Allah ya yi mata rasuwa ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Tun daga ranar na gane cewa gajimaren bai kai ni bakin mutuwa ba, tsoro ne ya kai ni da ƙafata. Idan hanya ta ɓace wa mutum, ya zauna tukuna, ya saurari wanda ya riga shi sanin wurin.