Ranar da Ladan Ya Sa Amfilifaya a Firiji

Ƙanwata tana aiki a wani ɗakin bincike a Turai. Da Mma, mahaifiyarmu, ta tambaye ta a waya me take yi, kalma biyu kawai ta riƙe: amfilifaya da firiji. Kafin yarinyar ta iso Salaga hutun Babbar Salla, tsakar gidanmu ya cika da matattun firiji, har da na gwaggonmu da aka ɗoro wa motar doya daga Yendi. Ladanin unguwa kuma yana kan benci rungume da amfilifayar masallaci, wadda ta daɗe tana ƙara kamar akuyar da ƙofa ta matse.

Ko ruwa ba ta gama sha ba aka sa ta gaba.

"Baba, ba irin wannan nake yi ba," ta ce wa ladan. "Tawa ba ta fi ƙwayar wake ba."

Ta shiga bayani. Akwai sabuwar kwamfuta, ana ce mata ta kwantam, wadda amsarta raɗa ce, raɗar da ɗumin wayar lantarki kaɗai kan danne ta da hayaniya. Shi ya sa suke ƙera wani ɗan abu da alminiyam, su sanyaya shi har lantarki ya riƙa ratsa shi babu abin da ke tare shi. Da maganaɗisu take saita shi, kamar mai laluben tasha a rediyo, shi kuma ya ɗaga raɗar, da kyar ya ƙara wani abu nasa.

Kawunmu mai fataucin shanu a Bawku ya gyara zama. "Wato ya ji magana, ya faɗa da ƙarfi, bai sa gishiri ba?"

"Kusan haka, Kawu."

"To ku riƙe abinku can. A nan Zango ba zai yi abokai ba."

Gwaggo ta tambaya ko firijin nasu yana saurin yin ƙanƙara. Da ta ji ko ruwan leda ba a sawa ciki, sai ta dubi Mma da tausayi.

Ladan abu ɗaya ya tambaya. "Ɗiyata, sanyin ne ke kashe hayaniyar?"

"Shi ne, Baba."

Ya yi godiya, ya saɓi kayansa ya fita.

Washegari da azahar ba mu ji lasifika ba. Ashe shagon mai ƙanƙara ya kai amfilifayar, ta kwana tsakanin kifi da ruwan leda. Ya fito da ita tana naso, ya jona, ta yi tartsatsi, ta yi shiru har yau.

Dole ya koma kiran salla da bakinsa, daga kan dakali. Mun manta cewa mutumin nan yana da murya mai daɗi. Kafin la'asar matan unguwa sun fara shigowa yi wa Mma barka, wai ɗiyarta ta raba su da ciwon kai.

Ƙanwata ta buɗe baki za ta gyara zancen. Mma ta taka mata ƙafa.

"Ai tun tana ƙarama haka take," ta ce wa baƙin, ta miƙa musu kwanon nama.