Abin da Na Rufe da Siminti

Tun da na yi ritaya daga reluwe, bangon falona a Kafanchan cike yake da kalandar majami'a, da ta jana'izar abokan aiki, da hoton aurenmu da ya koɗe. Bara, ana saura mako biyu Kirsimeti, 'yata ta zo daga Jos da faffaɗan hotuna uku cikin kwali. Ta sauke kalanduna, ta buga ƙusa, ta rataya nata.

Na sa tabarau na duba. Babu mutum a ciki, babu itace, babu ko akuya.

Na ce, "Wa ya zubar da fenti kika sa masa gilashi?"

Ta yi dariya. "Baba, manyan masu zane na ƙasar waje ne suka yi. Na ainihin suna can, mutane na bin layi su gani. Waɗannan kwafi ne."

"To, hoton mene ne?"

"Ba na komai ba ne. Ka zauna ka kalla kawai."

Uwarta ta leƙo daga kicin ta ce, "Babanki? Ko wa'azi ba ya iya zama ya ji, sai gyangyaɗi."

Washegari da safe na zauna da kofin shayi, rana ta shigo ta taga ta sauka kan na tsakiya. Ja ne mai duhu, irin na gona bayan ruwan fari. An ja fari a samansa da sauri, baƙi kuma ya ɗiɗɗigo. Ina kallo, sai na ga jan kamar yana numfashi, yana matsowa yana komawa. Shayin ya huce a hannuna, domin na gane inda na taɓa ganin wannan abu.

A ƙauyenmu, kusa da Nok, duk shekara in an gama haƙar citta, mahaifiyata takan kwaɓa jar ƙasa a ƙwarya, farar ƙasar rafi a wata, baƙin gindin tukunya a ta uku. Ta shafa wa bangon ɗakinta da tafin hannu, ta tsoma tsintsiya ta yayyafa. Ba ta zana komai da za ka kira sunansa. Mata kan zo su tsaya su yi shiru suna kallo.

Da na sami aiki, zan kawo dangin matar da zan aura, sai kunya ta kama ni. Na ce mata wannan aikin mutanen duhu ne, mu yanzu mun waye. Na sayo siminti na sa aka shafe bangon ciki da waje. Mama ta ɗauki ƙorenta ta zubar bayan rumbu. Har Ubangiji ya kira ta ba ta sake kwaɓa ƙasa ba, ni kuma ban taɓa cewa ta yafe mini ba.

Kuma wannan ɗakin, na riga na shirya da magini ya rushe shi ranar Asabar, a gina wurin ajiye citta. Ranar kuwa Juma'a ce.

Na faɗa wa 'yata komai. Muka shiga bas, daga baya muka hau acaba. Muka tarar maginin har ya cire kwanon rufi.

Ya ce, "Baba, ka zo duba ni ne? Gobe war haka babu ɗakin nan."

Na ce, "Ara mini ƙaramar gudumarka."

Na shiga na ƙwanƙwasa a hankali. Simintin ya daɗe da rabuwa da bangon, sai ya riƙa faɗowa ɓallo-ɓallo. Wani ya tafi da launin, wannan kam ya tafi ke nan, kuma ni na jawo. Amma wajen gabas, wuri mai faɗin tabarma ya fito lafiya. Jan nan yana nan da ransa, farin ya ratsa shi, yayyafin baƙi ko'ina. Daga ƙasa ga sawun tafin hannu, ƙaramin yatsan guntu ne, wanda wuƙar tsaga citta ta datse mata. Na durƙusa na ɗora hannuna a kai. Na ce, "Mama, na yi kuskure." 'Yata ta tsaya a bayana.

Can maginin ya yi gyaran murya. "To, Baba, citta fa? Ina za ta kwana?"

Na ce, "Ta kwana a ɗakina. Kai dai mayar da kwanon nan yau, kada raɓa ta taɓa bangon."